Taura biyu a baki: shekarar da Amurka ta riƙa sayen tsofaffin motoci tana kashewa

Bakaniken da nake kai wa mota ya taɓa ƙin kallon wani bidiyo har ƙarshensa. Ina zaune a kan benci a garejinsa, muna jiran yaronsa ya dawo daga sayo bakin mai, sai na miƙa masa waya na ce ya ga wani abu. Bidiyon na 2009 ne, an ɗauke shi a harabar wani dilan motoci a Amurka. Mota ce Volvo, jikinta sumul. Aka tsiyaye bakin man cikinta tas, aka ɗura wani ruwa a madadinsa, aka tayar da ita, wani ya taka totur ya riƙe. Da farko injin yana kuka lafiya lau. Can sai sautinsa ya sauya, ya fara tari, hayaƙi ya turnuƙe, ƙarfe ya shiga cin ƙarfe. Tun kafin ta mutu ya miƙo mini wayata, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, wannan ai zalunci ne. Me ta yi musu?"

Laifinta ɗaya ne, shan mai. Kuma ba ɓarnar yara ba ce, umarnin gwamnati ne a rubuce. Ruwan da aka ɗura mata sinadarin sodiyam silket ne, wanda ake yi wa laƙabi da ruwan gilashi. Idan inji ya ɗau zafi ruwan sai ya ƙone, abin da ya rage ya daskare kamar gilashi a duk inda bakin mai ya saba bi, ya cinye boris, ya riƙe fistin, injin ya buga bugun da babu gyara. Motoci kusan 680,000 aka yi wa wannan hukunci a bazarar shekarar, gwamnatin Amurka kuma ta biya dala 3,500 ko 4,500 a kan kowace ɗaya. A canjin wancan lokacin, da dala take wajen naira 150, babban kason ya kai kimanin naira 675,000.

Sunan shirin a takarda CARS, amma babu mai kiransa haka. Kowa Cash for Clunkers yake cewa, wato kawo akwala ka karɓi kuɗi. Sunan ya yi daɗin faɗa, sai dai ya ɓoye abubuwa biyu: ba kuɗi ake ba mutum a hannu ba, kuma yawancin motocin ba akwala ba ne.

A tuna halin da ake ciki. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumbar 2008, bashi ya yi wuyar samu, Ba'amurke kuwa ba kasafai yake sayen sabuwar mota kuɗi hannu ba, da bashin banki yake saye yana biya wata-wata. Kasuwar da ta sayar da sababbin motoci sama da miliyan 16 a 2007 ta faɗo zuwa miliyan 10 da 'yan kai a 2009. Kamfanin motoci na Chrysler ya shiga kotun masu karayar arziki a ƙarshen Afrilun 2009, General Motors ta bi sahu ranar 1 ga Yuni. Ga shi kuma mutane ba su manta da tsakiyar 2008 ba, lokacin da galan ɗin fetur ya haura dala huɗu, masu manyan jif-jif suka ji a jikinsu. A wancan watan Yulin na 2008 ne wani masanin tattalin arziki na jami'ar Princeton, Alan Blinder, ya yi rubutu a jaridar New York Times yana ba da shawarar gwamnati ta sayi tsofaffin motoci masu gurɓata iska ta rushe su. Jamus ta riga Amurka aiwatarwa a Janairun 2009, kasuwarta ta motsa nan take, sai 'yan majalisar Amurka masu wakiltar jihohin da ke ƙera motoci, irin su Betty Sutton ta Ohayo da Debbie Stabenow ta Mishigan, suka ɗauki maganar. Shugaba Obama ya sa hannu ranar 24 ga Yuni, da dala biliyan ɗaya.

Sharuɗɗan su ne zuciyar al'amarin, don haka bari mu zauna a teburin dila mu ga yadda cinikin yake tafiya. A ce wani magidanci ya shigo da Ford Explorer ta ƙarshen shekarun 1990. Abu na farko, sai ta zo da ƙafarta, ba a janye ba. Shekarunta kada su kai 25. Sai ya nuna takardar cewa shekara guda cur tana da rajista da sunansa kuma inshorarta ba ta yanke ba, don kada wani ya je bola ya sayo gwangwani jiya ya kawo yau. Sannan a buɗe jadawalin hukumar kare muhalli a duba shan manta: dole ya zama galan ɗaya ba ya kai ta fiye da mil 18. A ma'aunin da muka saba, wannan kimanin kilomita bakwai da rabi ne a lita. Sabuwar da zai ɗauka kuwa kada farashinta ya wuce dala 45,000, kuma idan ƙaramar mota ce sai ta yi aƙalla mil 22 a galan. In ta fi tsohuwar da mil huɗu, rangwamensa 3,500. In ta fi ta da mil goma, 4,500. Dila ne zai cire kuɗin daga farashi a nan take, daga baya ya bi gwamnati bashi.

Ga inda lissafin yake da ƙugiya. Wannan rangwame ba ƙari ba ne a kan darajar tsohuwar motar, madadinta ne. Da a ce babu shirin, magidancin nan zai iya ba dila Explorer ɗinsa a yi mata kuɗi ya cika, ko ya sayar wa maƙwabci. Idan a kasuwa tana yin dala 1,500, ribarsa ta gaskiya 3,000 ce, ba 4,500 ba. Idan tana yin 4,000, ɗari biyar kawai ya ci. Idan ta wuce 4,500, shiga shirin hasara ce. Wato gwamnati ta kafa wa duk wata mota mai zuƙar mai farashin ƙasa, ta zama babbar mai saye a kasuwar motocin da talaka yake iya taɓawa. Kuma ita wannan mai sayen ba hawa za ta yi ba.

Shi kuwa mai ainihin akwalar, wanda motarsa take tashi da turi, wanda wata uku inshorarsa a yanke saboda babu, shirin bai san da zamansa ba. Ko ya cika sharuɗɗan ma, an rage masa 4,500 daga motar dala 18,000, ina zai samo sauran a shekarar da bankuna suka ɗaure bakin jaka? Ba a yarda a sayi ta hannu da rangwamen ba, sai sabuwa dal. Saboda haka waɗanda suka cika ɗakunan dilolin mutane ne masu albashi da sunan kirki a banki, da yawansu suna da tsohuwar jif a matsayin mota ta biyu ko ta uku a gida.

Su ɗin kuwa sun zo, kamar cin ƙwan makauniya. An fitar da cikakkun ƙa'idoji ranar 24 ga Yuli, ana tsammanin kuɗin za su kai farkon Nuwamba. Mako guda bai cika ba aka fara kururuwar biliyan ɗayan ta kusa ƙarewa. Majalisa ta yi hanzari ta ƙara biliyan biyu a farkon Agusta, kuma abin dariya, daga asusun lamunin makamashi mai tsafta aka yanko su. Su ma ba su yi wata guda ba. Sakataren Sufuri Ray LaHood ya sanar da cewa za a rufe shirin daren 24 ga Agusta. A tsakani diloli sun sha wuya. Shafin intanet ɗin da za su tura takardu ya yi ta tsayawa, ana dawo musu da fayil saboda ɗan kuskure, ga miliyoyin dalolinsu a waje suna jiran biya. Wasu har suka daina karɓar ciniki tun kafin ranar rufewa. An kuma samu waɗanda suka shirya tsaf, sai hukumar muhalli ta sake duba alƙalumanta ana gab da farawa, motar da take 18 jiya ta koma 19 yau, ta fita daga layi. Mil ɗaya a takarda ya raba mutum da dala dubu huɗu.

Da ƙura ta lafa, alƙaluman gwamnati sun yi kyau a ido. Motocin da aka karɓa, a tsaka-tsaki, mil 15.8 suke yi a galan. Waɗanda aka fitar, 24.9. Don a gane bambancin, ɗauki tafiya mai tsawon Kano zuwa Kaduna, kilomita 230 ko kusa da haka: tsohuwar za ta sha lita 34, sabuwar 22. Wadda aka fi kawowa yanka ita ce Ford Explorer, sai akori-kurar F-150, sai Jeep Grand Cherokee. Wadda aka fi ɗauka ita ce Toyota Corolla, sai Honda Civic, sai Camry. Kamfanin da ya fi kowa ciniki Toyota ne, da kusan kashi 19 cikin ɗari, ya sha gaban General Motors ɗin da aka yi shirin domin a tallafa. Daftarin farko ya so a fifita motocin da aka haɗa a gida, amma yarjejeniyoyin ciniki na duniya ba su ba da wannan ƙofa ba. Gaskiya ne da yawa daga motocin Japan ɗin a Amurka ake haɗa su, Camry a Kentaki, Corolla a Fremont ta Kalifoniya. To amma kwanaki kaɗan bayan rufe shirin Toyota ta sanar da cewa za ta janye daga wannan masana'anta ta Fremont. Mota ta ɗaya a jadawali, ma'aikatanta kuma suna shirin komawa gida. Ginin ne Tesla ta saya daga baya.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce, cikin mutum 680,000 ɗin nan, nawa ne da ma can za su sayi mota ko da shiri ko babu? Domin wanda ya riga ya yi niyyar canza mota a watan Oktoba, sai ya ji ana rabon 4,500 a Agusta, ai gaba ta kai shi, gobarar Titi. Bai ƙara wa kasuwa ciniki ba, ya dai matso da nasa kusa. Kasuwar da kanta ta ba da amsar farko: cinikin Agusta, in an auna shi a ma'aunin shekara, wato a ce haka za a yi ta ciniki wata goma sha biyu, ya haura miliyan 14, na Satumba ya rikito zuwa miliyan tara da ɗoriya. Kamfanin Edmunds mai bin diddigin kasuwar motoci ya ƙiyasta cewa 125,000 ne kacal sabon ciniki na haƙiƙa, wanda ke nufin kowace ƙarin mota ta ci wa masu biyan haraji dala 24,000. Fadar White House ta fusata ta mayar da martani mai zafi. Daga baya masana biyu, Atif Mian da Amir Sufi, suka bi wata hanya mai wayo. Suka kwatanta garuruwan da suke da tarin motocin da suka cancanci shirin da garuruwan da suke da kaɗan. A Yuli da Agusta, masu tarin akwala sun yi ciniki fiye da kima, ƙarin da ya kai wajen motoci 370,000 a faɗin ƙasa. A watanni goman da suka biyo baya kuwa, su ne suka fi kowa ƙauracewa diloli, har ratar ta kusa shafewa. Cinikin gobe aka ranto aka ci yau.

Ban yarda da masu cewa wannan kaɗai ya isa a yi wa shirin jana'iza ba. Manomi yana cin bashin hatsi da damina ya biya da kaka, kuma ba wauta ya yi ba, domin buhu ɗaya a watan Agusta ya fi buhu ɗaya a watan Nuwamba amfani ga mai jin yunwa. A tsakiyar 2009 filayen diloli cike suke da motocin da suka ƙi tafiya, masana'antu a rufe, masu kawo musu kayan haɗi suna gab da mutuwa. Shirin ya kwashe wannan kwantai cikin wata guda. Ford da General Motors sun sanar da ƙara yawan abin da za su ƙera, an kira wasu ma'aikata su dawo bakin aiki, kuma a wannan zangon ne tattalin arzikin Amurka ya fara nuna alamar ɗagowa. Matso da ciniki kusa yana da daraja in gidan yana cin wuta. Abin tambaya shi ne farashinsa. Cibiyar bincike ta Brookings ta yi lissafi a 2013 ta ce kowane gurbin aiki da shirin ya samar ya ci kimanin dala miliyan 1.4, ninkin-ba-ninkin abin da za a kashe ta hanyar ƙara kuɗin tallafin marasa aiki ko rage harajin albashi.

A nan ne taura biyun suka haɗu a baki. Mai son farfaɗo da masana'anta so yake mutane su kashe kuɗi da yawa, su sayi manya masu tsada, waɗanda kamfanonin Ditiroyit, cibiyar ƙera motocin Amurka, suka fi cin riba a kai. Mai son rage shan mai so yake su sayi ƙanana, ƙanana kuwa su ne masu araha. Wasu masana na jami'ar Texas A&M sun duba gidajen da motarsu take mil 18 daidai, suka kwatanta da waɗanda tasu take 19, mutane iri ɗaya in ban da wannan layi da doka ta ja a tsakaninsu. Cikin ƙasa da shekara, yawan motocin da ɓangarorin biyu suka saya ya zo ɗaya. Bambancin kawai shi ne masu rangwamen sun sayi masu sauƙin kuɗi. Ma'ana, shirin da aka yi don a ƙara wa kamfanonin mota kuɗin shiga, a wannan lissafin, rage musu ya yi.

Ta ɗaya gefen kuma, don kada a ɓata wa Ditiroyit rai, an sassauta sharaɗin mai har ya kusa zama wasa. Sanatoci irin su Dianne Feinstein da Susan Collins sun nemi a tsaurara, ba su samu yadda suke so ba. Jif ko ƙaramar akori-kura ta samu 3,500 da ƙarin mil biyu kacal, manyan kuwa da mil ɗaya. Da kamfanin dillancin labarai na AP ya tona bayanan, sai ya tarar musayar da aka fi yi ita ce tsohuwar F-150 da sabuwar F-150, fiye da sau 8,000.

Sai dai a yi wa lissafi adalci, domin ma'aunin mil-a-galan yana yaudarar ido. Ɗauki tafiyar mil 10,000. Motar da take yin 14 za ta sha galan 714; in aka canza ta da mai yin 18, za ta sha 556, an tsira da 158. Wanda ya bar mai yin 30 ya koma mai yin 50, tsallen da ya fi burgewa a ji, galan 133 kawai ya rage. Don haka dabarar farautar masu zuƙar mai tun daga ƙasa daidai ce, a can ne man yake zuba. Matsalar tana wani wuri. Tsohuwar jif ɗin nan ba shekara ashirin ta rage mata ba, wataƙila uku ko huɗu, kuma da yake ta biyu ce a gida ba kullum ake fita da ita ba. Sabuwar kuwa tana da daɗin hawa ga sauƙin mai, sai a ƙara yawo. Ƙera ta ma ya ci ƙarfe da wuta da hayaƙinsa tun kafin ta taka kwalta. Da masu bincike suka haɗa duk wannan, suka samu cewa kowane tan na hayaƙin kabon da aka hana fita ya ci tsakanin dala 92 da 288, alhali akwai hanyoyin da ba su kai rabin haka ba. Man da aka tsimi na gaske ne, amma an saye shi da tsada.

To me ya sa sai an kashe injin? Me zai hana a ba mabuƙata, ko a tura wata ƙasa? Wannan ita ce tambayar bakanikena, kuma amsarta ta biyo ta ƙofar gidanmu. In motar ta ci gaba da yawo, ko a Ohayo ko a Maraɗi, hayaƙinta sama ɗaya yake tafiya, hujjar muhallin ta rushe ke nan. Kuma Amurkawa sun ga abin da ya faru a Jamus. Can gwamnati ta ba da yuro 2,500 ga duk wanda ya kai motar da ta kai shekara tara wurin rushewa ya sayi sabuwa. An fara da yuro biliyan ɗaya da rabi, aka ƙara zuwa biliyan biyar, kuɗin suka ƙare ranar 2 ga Satumba bayan an yi wa motoci kusan miliyan biyu rajistar mutuwa. Abin ya cika bakin jama'a har kalmar Abwrackprämie, ladan rushewa, ta zama kalmar shekara a ƙasar. Amma Jamusawa da takarda suka dogara: mai wurin rushewa ya sa hannu cewa ya rushe, shi ke nan. Ƙungiyar jami'an binciken laifuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa motoci har 50,000 da suka mutu a takarda sun tashi sun bi ta tashoshin ruwa irin na Hambog, sun nufi Afirka da gabashin Turai.

Duk wanda ya san harkar Kwatano ba zai yi mamaki ba. Golf da Opel da Passat masu shekara goma zuwa goma sha biyar, waɗanda Bajamushe yake ganin sun gama aiki, su ne dai muke kira 'yan Baljiyam, su ne suke zama tasi da motar haya a tashoshinmu, su yi wata shekara goma sha biyar suna ciyar da gida. A 2009 ɗan kasuwar da ya saba sayen irinsu a 'yan ɗaruruwan yuro ya wayi gari yana takara da baitulmalin Jamus. Mai wurin rushewa kuma ya ga mota mai lafiya a gabansa, ga mai saye a bakin ƙofa. Ba kowa ne zai iya danna ta a matsi ba. Ruwan gilashi maganin wannan jaraba ne. Dokar Amurka ta bar masu kayan gyara su cire ƙofa da fitila da kujera da makamantansu, amma injin haramun ne, gangar jikin kuma dole a niƙe ta cikin wa'adi. Ka tuna yadda ake rububin injin tokumbo a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, sannan ka ƙiyasta inji 680,000 da aka mayar da su ƙarfen awo.

Mota tana da silsilar masu ita. Na farko ya saye ta a leda, ya hau shekara biyar ya sayar. Na biyu ya hau ya sayar wa ɗalibi ko mai aikin leburanci. Daga nan ta faɗa gwanjo, ta hau jirgin ruwa. Kowane mataki akwai wanda ita ce motarsa ta farko a rayuwa. Shirin musaya irin wannan yana biyan na saman silsilar don ya yanke ta, na ƙasan kuwa ba a tambaye shi ba. Ƙungiyoyin agaji na Amurka da suke karɓar sadakar tsofaffin motoci sun koka a lokacin, haka ma masu sayar da na hannu. An yi ta cewa shirin ne ya sa motocin hannu suka yi tsada a shekarun da suka biyo, kuma har gobe ana maimaitawa. Ni ina ganin an ɗora masa fiye da laifinsa. Ƙasar tana da motoci wajen miliyan 250 a kan titi, abin da aka rushe bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Babban dalilin tsadar shi ne miliyoyin sababbin motocin da ba a saya ba a 2008 da 2009, waɗanda da su ne za su zama na hannu bayan shekara uku. Amma ƙanƙantar adadi a ƙasa baki ɗaya ba ta share hawayen wanda yake neman motar iyali ta dala 2,000 a garinsu ya tarar an kwashe irinta ba.

Kada kuma tausayin Volvo ya rufe mana ido. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari sun sauka a Afirka, da yawansu ba za su ci jarrabawar lafiyar mota a inda suka fito ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bayan wata tsohuwar bas a cunkoson yamma, yana shaƙar abin da salansarta take fesowa, ya san akwai motar da mutuwarta rahama ce. Abin dubawa shi ne wace mota, kuma a hannun wa. Masar ta gwada nata salon a shekarar 2009 ɗin dai, amma ba ta bi jif ɗin da ke kwance a gareji ba. Ta nufi tasin Alƙahira masu launin baƙi da fari, waɗanda suka haura shekara 20 suna yawo daga asuba zuwa dare. Direba ya miƙa tsohuwar, a ba shi kuɗin rushewa da sassaucin haraji, banki ya ba shi bashin sabuwa fara, wasu ma masu amfani da gas. An canza fiye da 40,000. Direbobi da dama sun yi kukan nauyin bashin daga baya, ba a rasa rigima ba. Amma motar da take cin kilomita ɗaruruwa a yini ita ce kowace litar da aka rage mata take taruwa da sauri, kuma mai ita ba mutum ne da da ma zai shiga shagon sabuwar mota da kansa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura dubu, babu direban haya da yake buƙatar gwamnati ta koya masa lissafin shan mai. Abin da ba shi da shi jarin canzawa ne.

Su Jamusawan, bayan sun yi rajistar sababbin motoci miliyan 3.8 a 2009, sai suka sauko 2.9 a 2010. Faransa ta riga ta ga irin wannan tashi da faɗuwa tun a shekarun 1990, zamanin firaministoci Balladur da Juppé, amma hakan bai hana ta sake yi ba. Gwamnatoci suna son shirin ne saboda ana ganinsa da ido: layi a wurin dila, makulli a hannu, hoto a jarida, duk cikin wata guda.

Wani abu ya faɗo mini a rai ranar da nake garejin nan, bayan ya dawo mini da wayata. Explorer da F-150 da Grand Cherokee da aka shayar da ruwan gilashi, da ma ba su ne 'yan kasuwarmu suka fi nema ba. Masu silinda shida da takwas ne, ga cin mai ga wuyar kayan gyara. Waɗanda aka saya a madadinsu kuwa, Corolla da Camry da Civic ƙirar 2009 da 2010, su ne suka yi shekarunsu a can, suka faɗa gwanjo, suka cika titunanmu daga baya. A gefen bencin da nake zaune akwai wata Corolla 2010 ruwan toka, an ɗage ta a kan jak, takardar gwanjon Amurka har yanzu manne a kusurwar gilashinta. Na ce masa ba mamaki gwamnatin Obama ce ta biya dala 4,500 daga kuɗin wannan tun tana sabuwa. Ya leƙo daga ƙarƙashinta da sifana a hannu ya ce, "To Allah ya saka musu. Amma dai da sun turo mana injin waccan."